Tashoshin FM da Kiɗan Jita: Tarihin da Muke Bari Ya Salwanta

Ya 'yan uwana ɗalibai, duk wanda ya leƙa kundayen bincike da ake ajiyewa a sassan Hausa na jami'o'inmu zai tarar da sunayen Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos sun cika su, kuma sun cancanci haka. Sai dai da wuya ka ga wanda ya rubuta tarihin tashar rediyon garinsu, balle irin kiɗan da ta saka wa matasa. A ganina wannan giɓi ne babba, kuma mu ne ya kamata mu cike shi.

Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma shekara da shekaru gidajen gwamnati ne kawai ke yanke abin da kunnen Bahaushe zai ji. A 1992 gwamnatin soja ta kafa hukumar NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara a Legas a 1994, sannan Freedom Radio ta buɗe a Kano a watan Disamba na 2003. A Yola ma aka samu Rediyo Gotel da Fombina FM ban da gidan rediyon jiha. Da zuwan waɗannan tashoshi mai sauraro ya sami bakin magana ta wayar tarho, mawaƙin da bai da ubangida kuma ya sami inda za a ji shi.

Arewa ba ta yi suna da tashar da ta keɓe kanta ga kiɗan rok kamar yadda ake yi a Amurka da Ingila ba. Amma jita ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Marigayi Bala Miller, ɗan Zariya, ya jagoranci ƙungiyar makaɗan zamani a Kaduna yana waƙa da Hausa. A Nijar, ƙungiyar Tal National ta Yamai tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasar, kuma faifanta Kaani ya fita a 2013. Bombino da Mdou Moctar, waɗanda Buzaye ne, sun kai jitar hamada manyan dandamalin Turai da Amurka. Abin tambaya shi ne, sau nawa tashoshinmu suka saka su? Wane shiri? Wa ya gabatar? Amsar tana bakin tsofaffin ma'aikata da cikin kaset-kaset da ƙura ta rufe.

Wani zai ce kiɗan Turawa ne, ba ruwan ɗalibin Hausa da shi, ƙila ma ya ƙara da cewa yana ɓata tarbiyya. Nazari daban, yabo daban. Likita ba ya ƙin duba ciwo don ba ya son sa. Kuma a bakin mai gabatar da shirin kiɗa ne sabuwar kalma kan fara samun gindin zama: yadda yake gaishe da masu sauraro, yadda yake gauraya Hausa da Ingilishi, irin kirarin da yake yi wa mawaƙi. A Digil da sauran unguwannin Mubi, inda Hausa ke gogayya da Fulatanci da Gude da Fali, ga kuma Kamaru a maƙwabta, wannan gauraya ta fi ta Kano yawan launi. Wanda ke nazarin walwalar harshe ba zai sami fili kamar wannan ba.

Jinkiri kuma yana da haɗari. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka fice suka bar gidaje da makarantu. Abin da ke kan kaset ɗaya ko a kan mutum ɗaya, rana guda ta isa ta tafi da shi.

Don haka shawarata uku ce. Sashe ya amince da tarihin tashar rediyo a matsayin batun kundin digiri. Ɗalibai su yi hira da tsofaffin masu gabatarwa tun suna raye, su rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta. Ƙungiyarmu kuma ta nemi izinin tashoshi ta kwafe tsofaffin shirye-shirye zuwa kwamfuta, a ajiye a ɗakin karatu. Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu dace.