Masanin Tarihi a Fagen Siyasa: Darasin Dakta Bala Usman Gare Mu

Tambayata a yau ita ce: idan mai alƙalami ya shiga siyasa, alƙalamin ne ke jan siyasar, ko kuwa siyasar ce ke jan alƙalamin?

Mu ɗauki marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. An haife shi a Musawa a 1945, jika ne ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, amma ya zaɓi ɓangaren talakawa. Yana koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya lokacin da gwamnatin Murtala ta saka shi cikin kwamitin tsara kundin mulki a 1975. Da ya ga inda akasarin 'yan kwamitin suka nufa, shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi bin ayari, suka rubuta nasu rahoton daban a 1976. Daga baya ya zama Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin PRP na Balarabe Musa, wanda majalisar da NPN ta mamaye ta tsige a watan Yunin 1981. Bala ya koma aji, ya ci gaba da rubutu har rasuwarsa a 2005.

Abin da ya fi burge ni da shi, siyasa ba ta sa ya sassauta wa hujja ba. Littafinsa kan Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya ƙalubalanci masu fassara jihadi a matsayin faɗan Hausa da Fulani kawai. A wani littafin na 1987 ya fallasa yadda masu mulki ke fakewa da addini su raba kan talakawa.

Ku kwatanta shi da Oriol Junqueras na yankin Kataloniya a Sifaniya. Shi ma malamin tarihi ne a jami'a, ya zama mataimakin shugaban gwamnatin yankin, ya shiga gaba a ƙuri'ar raba gardama ta ɓallewa a 2017. Kotu ta ɗaure shi shekara 13 a 2019, aka yi masa afuwa a 2021. Ilimi ɗaya, hanya biyu: wancan ya ɗauki tarihi don a raba ƙasa, namu ya ɗauka don a nuna yadda muka cakuɗu. Ashe tarihi wuƙa ce, tana fiɗa, tana kuma yankan mai ita.

To, ina ruwanmu mu 'yan ƙasar Lautai? Da ruwanmu ƙwarai. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, Borno ta bi, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ga shi yau Hausa muke yi. Wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga Bamange da Bafulatani da Bahaushe da Buzu suna ciniki kan raƙumi ɗaya. Amma ku leƙa Facebook ku ga yadda matasa ke yanko guntun tarihi suna jifan juna da shi, kowa yana neman tsantsar asali. Wanda ya san tarihin Gumel ya san ruwan da ya gauraya ba ya tatuwa.

Wani zai ce marubuci ya nisanci siyasa baki ɗaya, shi ne zaman lafiya. Ban yarda ba. Lokacin da manoman Gagarawa suka yi ta kuka kan gonakin da aka ware don noman rake, sun buƙaci wanda zai rubuta wa ya gaji wace gona, tun yaushe. Shirun marubuci a irin wannan wuri shi ma ɓangare ya ɗauka. Sharaɗina ɗaya ne: ka shiga, amma ran da hujja ta saɓa wa jam'iyyarka ko ƙabilarka, ka bi hujja.

Aikin wannan mako: ku samu dattijo a Sule Tankarkar ko duk inda kuke, ku tambaye shi yadda aka kafa garinku. Sannan ku nemi na biyu da zai musa masa. Ku rubuto mana duka biyun, kada ku ɓoye wanda bai yi muku daɗi ba.