Buhun gawayi yana cin mu sau biyu: a gona da kuma cikin ɗaki

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman magidanta da iyaye mata.

Sanyi ya fara shigowa, kuma duk wanda yake bin titin Gwarzo daga Kabuga zuwa Janguza ya ga yadda buhunan gawayi suka jeru a bakin hanya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, gas da kalanzir suka fi ƙarfin mutane da yawa, gidajen da suka manta da kurfoti suka koma masa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda albashi yake ƙarewa wata bai raba ba, don haka ba zan zo nan in zagi mai girki da gawayi ba. Abin da nake so mu duba shi ne mene ne ainihin abin da ke cikin buhun nan, daga ina ya fito, kuma me yake yi wa jikin mutum idan aka rufe ƙofa da shi. Amsar duka tana cikin darasi guda biyu da aka koya mana a sakandare, muka haddace don jarrabawa, muka watsar a ƙofar makaranta: yadda ganye yake haɗa abinci da hasken rana, wato fotosintesis, da yadda ƙwayoyin halittar jikinmu suke ƙona abincin su samu ƙarfi.

Mu fara da bishiya. Idan ka tambayi mutum goma daga ina ƙatuwar ɗorawa ta samo nauyinta, tara za su ce maka daga ƙasa. Wani masani mai suna Van Helmont, mutumin ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya gwada wannan magana tun ƙarni na 17. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 a tukunya, ya dasa ƙaramar bishiya mai kilo 2 da ɗoriya, ya yi shekara biyar ruwa kawai yake zuba mata. Da ya sake aunawa, bishiyar ta ƙaru da kusan kilo 74, ita kuwa ƙasar abin da ta rage bai wuce nauyin ƙwan kaza guda ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya gina ta. Waɗanda suka zo bayansa suka gano sauran labarin. A 1771 Joseph Priestley na Ingila ya ga cewa idan kyandir ya mutu a cikin rufaffen gilashi, aka sa reshen na'ana'a a ciki na wasu kwanaki, iskar tana gyaruwa har kyandir ya sake kamawa. A 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa ganye ba ya wannan gyara sai da haske.

A taƙaice ga abin da ke faruwa. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan yake shaƙar iskar kabon dayoksaid, wadda mu muke fitarwa idan mun yi numfashi. Saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa. Koren sinadarin ganye, kulorofil, ya kama hasken rana, da ƙarfin hasken a fasa ruwan, a saki iskar oksijin ta fita, sauran a haɗa shi da kabon a yi sukari. Da wannan sukarin ake gina kara da reshe da kututture da zangarniya. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da aka tsinto daga iska. Kenan ƙwaryar geron da ke rumbunka da icen da ke murhunka duk hasken rana ne da ganye ya tara ya ajiye. Gero da dawa da masara ma suna da wata dabara ta musamman ta kama kabon wadda take sa su jure zafi da ƙarancin ruwa fiye da alkama da shinkafa. Shi ya sa kakanninmu suka riƙe su, ko da ba su san sunan dabarar ba.

To buhun gawayi fa? Shekaru ne na aikin ganye aka ƙona a rami aka ɗura a buhu. A yadda ake yin gawayi na gargajiya, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a samu kilo 1. Sauran ya tafi a hayaƙi. Kuma masu sana'ar ba sa son icen banza, sun fi son masu tauri irin ƙirya da marke, waɗanda su ne masu jinkirin girma. Bishiyar da ta yi shekara arba'in tana tarawa, injin yanka ya kwantar da ita kafin a kira azahar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu nan ƙasar Kano mu ne aka san mu da riƙon bishiyar gona. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da ilimin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, irin tamu ta Tofa da Dawakin Tofa da Ungogo. Abin da shi da abokan aikinsa suka gani ya ba masana na waje mamaki: duk da yawan jama'a da ƙarancin fili, manoma ba su share bishiyoyinsu ba. Kowace bishiya tana da mai ita. Ana sassabe reshe a yi girki, a bar uwar. Kuka ta ba da miya, ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, tsamiya ta ba da kunu, kanya da ɗinya su ba yara abin tsotsa.

Dubi gawo kawai. Duk bishiyoyi suna fitar da ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da nasa. Ma'ana lokacin da geron da ke ƙarƙashinsa yake buƙatar hasken rana don ya haɗa abinci, gawo ya buɗe masa sama, kuma ganyen da ya zubar ya zama taki. Dangin wake ne, saiwarsa tana taimakawa wajen ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa su bar kashinsu a gindinsa, 'ya'yansa su zama abincin awaki da tumaki. Kowane dattijo a Doka ko Lambu ko Yanoko zai gaya maka hatsin gindin gawo daban yake. Yanzu ka sayar da wannan bishiyar kuɗin da ba zai sayi buhun taki biyu ba, badi ka zo kana kukan ƙasa ta gaji. Wa ya gajiyar da ita?

Wannan shi ne ci na farko. Na biyu ya fi gaggawa, domin shi a dare ɗaya yake yi.

Tuwon da ka ci ba ya zama ƙarfi haka kawai. Ciki yana narkar da shi ya zama sukari, jini ya kai shi ga kowace ƙwayar halitta ta jiki. A can ake ƙona shi a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi, a fitar da ƙarfin da zuciya take bugawa da shi, ƙwaƙwalwa take tunani da shi, hannu yake ɗaga fartanya da shi. Wannan ƙonawa ba ta yiwuwa yadda ya kamata sai da oksijin, kuma abin da take bari shi ne ruwa da kabon dayoksaid, daidai kayan da ganye yake nema. Ganye yana ɗaurewa, jikinmu yana kwancewa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda muke fitarwa ta ragu zuwa kusan kashi 16. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita take cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin. Idan ya yanke mata na 'yan mintuna, ƙwayoyinta sun fara mutuwa ke nan.

Garwashi shi ma oksijin yake ci. Idan aka sa shi a ɗakin da iska ba ta shiga sosai, ba ya ƙonewa gaba ɗaya, sai ya riƙa fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye kamar hayaƙin ɗanyen ice. Jan sinadarin da ke cikin jini, wanda aikinsa ɗaukar oksijin daga huhu, yana kama wannan iskar fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da wani abu. Sai ya zama mutum yana numfashi, ƙirji yana ɗagawa yana sauka, amma jini yana kai guba maimakon oksijin. Alamun farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mu kuwa nan da nan sai mu ce zazzaɓin sauro ne ko gajiya, a ƙara jan bargo. Wanda yake barci ma ba zai ji komai ba. Da safe a buga ƙofa shiru. Daga nan sai ka ji ana cewa aljanu ne, ko sammu, ko an zuba wani abu a abinci, har a fara zargin kishiya ko maƙwabci, alhali mai laifin yana nan a tsakar ɗaki ya zama toka. Hayaƙin janareta ma wannan iskar ce, shi ya sa sa shi a soro ko a baranda a rufe ƙofa don tsoron ɓarayi ganganci ne.

Ga misalin da kowane manomin wake zai gane. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ba a zuba masa magani ko kaɗan. Ana ɗaure bakinsa ne tam, ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan oksijin da ya rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Idan ka toshe taga da tsumma, ka sa zani a ƙasan ƙofa, ka ajiye kaskon wuta, ka kwanta da iyalinka, wallahi irin buhun nan ka ɗinka, kuma ku ne a ciki. Ɗakin mai jego da jariri ya fi kowane ɗaki haɗari, domin shi aka fi rufewa, shi aka fi gasawa, jariri kuma ba ya iya cewa kaina yana ciwo.

Abin dariya abin tausayi, akwai masu ilimin boko da suke gargaɗin kada a kwana gindin bishiya wai da dare tana ƙwace iska. Gaskiya ne bishiya ita ma tana numfashi dare da rana, domin ƙwayoyinta su ma suna ƙona sukari, kuma da dare ba ta fitar da oksijin. Amma a sararin Allah abin da take ɗauka ba zai taɓa ka ba. Muna tsoron darbejiyar ƙofar gida, muna kwana da kasko a gefen gado.

Na san wani zai ce, Malam, duk mun ji, to da me za mu dafa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba wanda zai dafa tuwo da lacca. Amma maƙwabtanmu na Maraɗi sun amsa ta. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara lokacin sharar gona suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Sai aka riƙa barin toho ƙwara kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran. Suka kira shi sassaben zamani. Ba reno, ba ban ruwa, ba kwangila. An ƙiyasta cewa ta haka aka dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma rassan da ake sassabewa su ne icen girkin gida. Ruwan samansu bai kai namu ba. Idan su sun iya, mu me ya hana mu?

Gwamnati ma tana da nata. Kano tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, kuma tana cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya. Ni dai a ganina a daina auna nasara da yawan dashen da aka raba ranar biki gaban 'yan jarida. A dawo bayan damina biyu a ƙirga waɗanda suka rayu. A tallafa wa mata da murhu mai tsimin itace. Ƙaramar hukuma da dagatai da masu unguwanni su sa ido kan masu yawo da injin yanka suna taya bishiyar gona. Masu yanka fulotai a wajen Langel da Janguza su sani ba dole ba ne sai an kwantar da kowace bishiya kafin a kafa siminti.

Malaman makaranta, don Allah ku fitar da darasin nan daga allo. Kyandir da kwalba sun isa yaro ya ga wuta tana mutuwa idan iska ta ƙare, kuma yaron da ya gani da idonsa shi zai hana uwarsa kwana da kasko. Limamai su faɗa a masallaci kafin sanyi ya kankama.

Mu kuma a gida: a hura gawayi a waje, a yi girki a inda iska take wucewa. In an ɗumama ɗaki ko an yi turaren wuta, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe. Janareta a waje, nesa da taga. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa waje, a tafi asibiti, kuma a gaya wa likita an kwana da wuta. Kada a tsaya jiƙa magani.

Mai gona kuma, kafin ka karɓi kuɗin gawon nan, ka lissafa buhun taki nawa zai maye gurbinsa, shekara nawa kuma jikanka zai jira wani ya girma.

Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidan da aka yi haihuwa a sanyin nan. Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya sa wa gonakinmu albarka.