Ciwon damuwa: Samaru da Sabon Gari na buƙatar zaman shawara na rukuni

Wanda ya san Samaru a lokacin jarrabawa ya san yadda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke kwana ido biyu. Wasu karatu ne ke hana su barci, wasu kuwa tunanin kuɗin makaranta da na haya. A kasuwar Sabon Gari ma akwai ɗan kasuwar da bashi ya karya wa jari, da matar da aurenta ya mutu ta rasa madafa. Da yawansu ciwon damuwa ke cin su, amma ba a kai mutum asibiti sai ya fara sambatu ko ya faɗa shan ƙwaya.

Ko an kai shi, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Asibitin Koyarwa na Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna ba za su iya ɗaukar kowa ba.

Sai dai ba kowace damuwa ke buƙatar gadon asibiti ba. Akwai tsarin warkarwa ta hanyar tattaunawa, mai gajeren wa'adi da buri takamaimai. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani mai suna PM+, daga baya ta ƙara da na rukuni. Zama biyar ne, mako-mako, kuma wanda ba likita ba zai iya jagoranta idan ya samu horo da sa ido. Ba a ɓata lokaci wajen tone-tonen baya. Kowa zai zaɓi matsala ɗaya da ke da mafita, a taimaka masa ya tsara matakai, ya gwada a gida, ya dawo ya faɗi abin da ya yiwu. Ana kuma koyar da numfashin da ke rage fargaba, da komawa harkoki a hankali, da neman tallafin dangi.

Afirka ta riga ta gwada makamancin wannan. Binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna zaman rukuni na mako 16 ya rage ciwon damuwa matuƙa a ƙauyukan Yuganda, kuma mutanen gari ne suka jagorance shi.

Zazzagawa ba baƙi ba ne ga zaman majalisa, amma majalisa ba ta riƙe sirri. Nan ne babban haɗarin. Idan maganar mutum ɗaya ta fita zuwa teburin mai shayi, babu wanda zai sake zuwa. Dole a raba maza da mata, a gindaya sharaɗin amana tun ranar farko, a kuma tura duk mai tunanin kashe kansa ko mai taɓin hankali wajen likita nan take.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta amfani kowa ba muddin ta tsaya a takarda. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna su haɗa kai da jami'ar, a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, a fara da ɗaya a Samaru, ɗaya kusa da kasuwa. Ɗaki ɗaya da kujeru goma sun isa a fara.