Agogo Zai Kira, Amma Wa Zai Amsa A Randagi?

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Kaduna, Zariya ko Abuja mun baro tsofaffi a gida. Wanda nasa ke Randagi, cikin ƙasar Birnin Gwari, ya san yadda gaba ke faɗuwa in waya ta yi ƙara da tsakar dare. Shi ya sa labarin agogon nan mai lura da lafiyar wanda ya ɗaura shi yake shiga kunnen jama'a. Kafin mu zuba kuɗi, ya kamata mu duba abin da zai iya yi wa Baba da Inna, da abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin ba tatsuniya ba ne. Tun kafin 1990 ake sayar wa tsofaffi a Amurka na'urar ratayawa a wuya mai maɓallin kiran taimako. A 2018 kamfanin Apple ya fito da agogo mai gane cewa mutum ya faɗi. In ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai agogon ya kira masu agaji da kansa, ya kuma aika wa dangi saƙo. Yana iya gane rikicewar bugun zuciya irin mai kawo shanyewar ɓarin jiki. Ga tsohuwar da ke kwana ita kaɗai a Landan, wannan babbar rahama ce, domin motar asibiti na jiran kira.

To, a nan fa gizo ke saƙa. Agogon yana bukatar caji kusan kullum, yana kuma bukatar layin waya. Ba mu manta ba, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, saboda 'yan bindiga. Da a ce tsoho ya faɗi a lokacin, da agogonsa ya yi ta kira cikin iska. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamba na 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, hanya kuma ta yi sauƙi, mun gode Allah. Duk da haka, in an kira, wa zai fito da babur cikin dare? In ciwon ya fi ƙarfin asibitin Birnin Gwari, Kaduna na can fiye da kilomita 100.

Sai kuma batun gaskiyar awon. Agogon Samsung mai nuna hawan jini, dole a riƙa daidaita shi da na'urar ɗaurawa a dantse duk mako huɗu. A Fabrairu na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a kada su amince da agogo ko zobe da ke cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari da ya gaskata irin wannan lambar yana iya shan magani fiye da kima. Su ne kuwa masu arahar da suka cika kasuwanninmu! Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa ko na'urar da ake maƙala wa yatsa a asibiti takan kasa gane ƙarancin iska a jinin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na farar fata. Da haske ta cikin fata agogon ma yake awo.

Ra'ayinmu shi ne, a fara da abin da ke kwantar da tsofaffinmu a ɓoye, wato hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Sabon agogon Apple ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da dama. Da wannan kuɗin ikilisiya za ta sayi na'urorin awo na dantse masu aiki da batir, ta koya wa 'yan zumuntar mata biyu ko uku, su riƙa auna tsofaffi bayan sujada, su bi waɗanda ba su iya fitowa har ɗaka, da maƙwabtansu Musulmi, suna rubuta lambar kowa a littafi domin ma'aikacin lafiya ya gani.

Wanda ya riga ya saya wa Baba agogo, kada ya sa lambarsa ta Abuja kaɗai a ciki. Ya sa ta maƙwabci mai babur, ya kuma bar masa kuɗin mai.