Hutunmu na Birni, Rumbunsu na Ƙauye

Da an rufe lakwal a farkon damina, tashoshin mota na Yamai sai su cika da iyalai masu haramar tafiya gida. Ga jakunkuna, ga ledojin biredi, ga yara sanye da kayan Sallah. Mota ta bi ta Doso da Dogon Dutsi, ta share fiye da kilomita 400 kafin ta sauke wasu a Birnin Ƙonni. Wasu su zarce Malbaza da Galmi da Dogarawa, wasu kuma su karkata arewa a mararrabar Tsarnawa, su nufi Badagishiri da Illela da Tajaye. Abin sha'awa ne, kuma ina cikin masu cewa a ci gaba da yi. Sai dai akwai wani lissafi da yawancinmu ba mu yi kafin mu hau mota, ni ma sai da na sha kunya kafin na koye shi.

Wata shekara na kwashi iyalina, mu bakwai, muka sauka gidan gwaggona a wani ƙauye na ƙasar Illela, cikin watan Agusta. Tsarabar da na riƙo ba ta wuce biredi da alewa da sabulu da turmin atamfa ɗaya ba. Gwaggo ta tarbe mu da guɗa. Ta kama babban ɗana tana juya shi tana cewa, "Maigidana, haka ka rame? Mi suka ba ka a birnin nan?" Kafin magariba an yanka zabuwa. Washegari aka yanka zakara. Kullum da hantsi ga ƙwaryar fura da nono, da dare ga tuwo da miyar kuɓewa ɗanya. Muka yi ta ci, ina ta yabon albarkar ƙauye, ina gaya wa yara su dubi yadda abinci yake a banza a nan.

A kwana na tara na tashi da asuba zan zaga bayan gida, sai na hangi Gwaggo tana shigowa ta ƙofar baya da ƙwarya a kai, ta rufe ta da gefen zane. Tana ganina ta yi turus. Na yi kamar ban gani ba. Da rana ta ɗaga, na sa tsani na leƙa rumbun laka da ke tsakar gida. Damin gero biyu ne a ƙasansa, sai ƙaiƙayi. Hatsin da muke ci tun kwana uku da suka wuce rance ne, tiya-tiya take karɓowa daga maƙwabta, a kan za ta biya in an yi girbi. Da na yi mata magana, sai ta ce, "Kai, ɗan nan, rufa mini asiri. Baƙo raɓa ne, in rana ta yi ai tahiya za ku yi." Ta yi dariya. Ni ban iya dariyar ba.

Lissafin da nake nufi ke nan. Babban hutun lakwal yana faɗowa ne daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, daidai lokacin da manomi ya fi kowane lokaci aiki, ya kuma fi kowane lokaci rashi. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, farashi a kasuwa ya kai ƙololuwa. Samarin da suka tafi ci-rani Abijan ko Legas ko Libiya, wanda ya dawo ya zuba abin da ya samo a gona, wanda bai dawo ba ana jiran saƙonsa. Maza suna gona tun sassafe, daga noman fari zuwa maimai. Mata suna tsakanin rijiya da turmi da kai abinci gona, ga nasu ɗan gamana da za su nome. A cikin wannan hali ne mu 'yan birni muke isowa da bakuna bakwai, muna neman hutawa. Mutumin ƙauye kuwa ya gwammace ya ci bashi da ya ce da ɗan'uwansa babu.

Wani zai ce, to ai sai a zauna gida, a hutar da su. Wannan ma na ga ƙarshensa. Akwai gidaje a Yamai da Maraɗi da Tawa waɗanda 'ya'yansu suka kai aure ba su taɓa kwana a garin kakanninsu ba. Sun san sunan garin ne kawai a takardar haihuwar ubansu. Ranar da uban ya rasu aka zo rabon gona, sai a ga taubasai suna kallon juna kamar waɗanda suka haɗu a tasha, magana ta ƙare gaban sarki ko gidan shari'a. Zumunta a ƙafa take, kuma kiran waya da tura kuɗi ba su zama ƙafa ba. Addini ya yi mana horo da sada zumunci, bai ce sai lokacin da rumbu ya cika ba. A je. Abin gyara shi ne yadda ake zuwa.

Duk mai niyyar kai iyalinsa ƙauye da damina, ya fara da buhu kafin jaka. Ya ƙidaya bakunan da zai kai, ya ƙidaya kwanakin da zai yi, ya sayi gero ko shinkafa da mai da gishiri da suka fi haka, ya aika tun kafin ya isa, don kada abin ya zama kamar biyan kuɗin masauki. In zai iya, ya sayi hatsin tun da kaka, lokacin da yake da araha, ya bar shi can a ajiye. Kuɗin da muke kashewa a alewa da lemun kwalba da ɗinkin da yara za su yi taƙama da shi gaban 'yan'uwansu, ya isa ya ciyar da gidan mako guda. Ya riƙo gidan sauro na kowa, har da na masu gida, domin damina ita ce lokacin zazzaɓi. In akwai ƙananan yara, a tabbatar sun sha maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata. A ja musu kunne game da ƙorama: a ƙasar Adar ruwa kan sauka a kan duwatsu can nesa, sai ka ga kwarin da yake busasshe ɗazu ya taho da ƙarfin da zai ɗauke saniya. Kuma a zamanin nan da tsaro ya taɓarɓare a wasu yankunan bakin iyaka, a tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki, a yi tafiya da rana, a ji maganarsu in sun ce a dakata.

Bayan buhu sai hannu. Shekarar da ta biyo baya na koma, na ce wa yarana kowa zai bi sa'ansa duk inda ya nufa. Babban ya bi 'ya'yan ƙanena gona. Ran farko ya noma gero ya bar ciyawa, aka yi ta yi masa dariya har ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Ran nan da dare kakansa ya zaunar da shi, ya ɗauko tsiron gero da na ciyawar da ke kama da shi, ya sa shi ya shafa kowanne da yatsa har ya gane bambancin. Kafin mako ya cika, hannunsa ya yi kanta, ya iya ɗaura wa jaki amalanke. Ƙanwarsa ta koyi jan guga da surfe, ta san tafasa da rama da yaɗiya a daji, ta dawo tana gyara wa uwarta yadda ake kwaɗon zogale. Ranar da gero ya fara nuna aka gasa musu tumu, suka ci suna ƙona baki. Tun daga lokacin ban sake ganin ɗayansu ya bar tuwo a kwano ya tashi ba. Na yi shekaru ina faɗa a kan wannan a Yamai, hauya ta gama maganar cikin kwana goma.

Ƙasar nan tamu kuma tana da abin nunawa, ga wanda ya yarda ya sauko daga mota. Yaron da ya karanta labarin Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa, a littafin tarihi, a kai shi Birnin Ƙonni ya tsaya a garin da sojojinsu suka ƙone a watan Mayu na 1899, ya ji yadda tsofaffi suke ba da labarin da suka gada. A nuna masa madatsun ruwa na Mozage da Zango a kan Maggiya, ya bi hanyoyin ruwan da ke shayar da fadamar Ƙonni, ya ga inda alkama da albasa da tumatir suke fitowa da rani. A tsaya a Malbaza, inda aka fara yin siminti tun shekarun 1960, ya ga masana'antar, a faɗa masa cewa dutsen ƙasar nan ne ake ƙonawa a gina benayen da yake gani a birni. A ƙasar Illela da Badagishiri, a kai shi faƙon da aka farfaɗo da tassa da rabin-wata. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman yankin suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a zuba taki don su riƙe ruwan sama, suka dawo suka gwada, har ƙasar da aka yafe ta koma ba da dami. In hutun ƙarshen Disamba ne, lokacin da rumbu yake cike kuma baƙunci bai da nauyi, sai a gangara garake na Galmi a ga dashen albasar da sunanta ya kai Abijan da Akara, a nuna masa rudu inda ake adana ta. Duk wannan ba ya cin kuɗin shiga. Abin da yake ci shi ne uba ya ajiye waya ya yi tafiya da ɗansa.

Saura ladabi, wanda shi ne ya fi wuya. Na sha ganin yaran birni suna toshe hanci a bakin garke, suna ƙin shan ruwan randa, suna yi wa 'yan'uwansu Faransanci don su nuna an fi su. Ba su suka ƙirƙiro wannan ba, a bakinmu suka ji. Uwar da ta ce wa ɗanta "kada ka zama baƙauye" duk lokacin da ya yi wauta, ta riga ta gaya masa matsayin kakarsa. Mu kanmu manya muna da namu: mu zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa mana muna ɗaukar hoton rumbu da tsohuwa mai daka, mu watsa a Facebook muna kirarin asali, ba mu tambayi tsohuwar ko ta yarda ba, ba mu kuma karɓi taɓaryar ba. Yaro ya durƙusa ya gaida kowa, ya ci abin da aka ci, ya kwana inda sa'o'insa suka kwana. In za a dawo, a gayyato ɗaya ko biyu daga cikin 'ya'yan gidan su ma su zo birni su yi nasu hutun, a yi musu irin tarbar da aka yi mana. Ziyarar da kullum gefe ɗaya ne yake yanka kaza ba ta daɗewa.

Gwaggo ta tsufa yanzu, ba ta iya zuwa rance ko da ta so. Kowace kaka nakan aika a saya mini gero a kasuwar Badagishiri a zuba a rumbunta, da sunan na yara ne in sun zo hutu. Ta san dabara ce, ni ma na san ta sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Bana da muka isa, ta kama babban ɗana, wanda yanzu ya fi ta tsawo nesa, ta duba tafin hannunsa ta ce, "Maigida, birni ya sake lalata maka hannu. Hauyarka tana nan bayan ɗaki inda ka bar ta."