Haƙƙin Mai Bishiya A Wuyan Ɗan Kwangila

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta. 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani abu ne da ya faru a layinmu, wanda na tabbata irinsa ya taɓa faruwa a layinku, aka yi ta Allah wadai kwana biyu, sannan kowa ya kama gabansa.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, maɗinkin hula, yana da bishiyar mangwaro a ƙofar gidansa, cikin filinsa. Da hannunsa ya dasa ta shekarar da aka haifa masa ɗan fari, yau sama da shekara 30 ke nan. A gindinta yake zaman ɗinki, a inuwarta yaran makarantar allo suke karatun hantsi, kuma duk bazara kuɗin 'ya'yanta ne ke sayo wa gidan hatsin da zai kai su kaka.

Sai aka bai wa wani ɗan kwangila aikin magudanar ruwa a unguwar. Layin da aka shata wa aikin bai kai gindin bishiyar ba. Amma direban katafila ya ga nan ne wurin juyawa mafi sauƙi, ya kutsa ciki, ya tsinke manyan saiwoyi, ya ɓalle babban reshe, ya saɓule ɓawon gefe guda. Leburori kuma suka mai da gindin wurin wanke kwanukan siminti. Da Baba ya yi magana, sai mai kula da aikin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, itace ne fa, wani zai fito," ya miƙa masa kuɗin goro. Baba bai karɓa ba. Kafin shekara ta zagayo ganye ya zube, rassa suka bushe ɗaya bayan ɗaya.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya sa ba za ku nemi diyya ba?" Sai ya ce da ni, "Ɗana, ina ni ina ja da wanda gwamnati ke bayansa? Na bar wa Allah."

Wannan kalma ta Baba ita ce ta hana ni barci. Domin barin abu ga Allah iri biyu ne. Akwai mutumin da yake da ikon karɓar haƙƙinsa, ya dubi wanda ya yi masa ɓarna ya ga ya yi nadama, ya yafe don neman lada. Wannan falala ce babba. Akwai kuma wanda tsoro ya rufe wa baki, ya san in ya yi magana za a wulaƙanta shi, sai ya lulluɓe tsoron da rigar tawakkali. Wannan na biyu shi azzalumai suke so, domin duk ranar da aka yi shiru a kan mangwaron Baba, an ba su lasisin tumɓuke tsamiyar wani gobe.

Shin Musulunci ya ɗauki bishiya abin banza ne? Mu duba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo wasiyyar da Halifa Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham, daga ciki har da hana su sare itace mai ba da 'ya'ya. Ku lura 'yan'uwa, wannan a fagen yaƙi ne, a ƙasar abokan gaba. To ina ga bishiyar Musulmi ɗan'uwanka, a ƙofar gidansa, lokacin zaman lafiya?

Game da biyan ɓarna kuwa, Allah (T) da kansa ya ba mu labari a Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da 79, na shari'ar da aka kawo gaban Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu (AS), lokacin da tumakin wasu mutane suka faɗa gonar wani da dare suka ɓarnata ta. Malaman tafsiri sun bayyana cewa Annabi Dawuda ya hukunta a bai wa mai gona tumakin. Annabi Sulaimanu kuma ya ga a damƙa wa mai gona tumakin ya riƙa amfana da nononsu da gashinsu, masu tumaki su kuma su yi ta aikin gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi abinsa. Allah ya ce ya fahimtar da Sulaimanu hukuncin, ya kuma yabe su duka biyun. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya ce wa mai gona ya yi haƙuri ciyawa ce wata za ta fito. An gyara masa abinsa, an kuma cike masa gurbin amfanin da ya rasa a tsawon lokacin gyaran.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san babin lamuni. Wanda ya halaka wa mutum abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, kamar gero, zai biya kwatankwacinsa. Wanda ya halaka abin da ba shi da kwatankwaci daidai wa daida, zai biya ƙimarsa. Bishiya tana cikin kashi na biyu, don babu kasuwar da za ka je ka sayo mangwaro ɗan shekara 30 da inuwarsa. Sannan malamai sun kafa ƙa'ida cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure duk ɗaya ne wajen biya. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke bashi. Saboda haka "ba da gangan ba ne" da 'yan kwangila suke fakewa da ita ba ta kuɓutar da aljihunsu. An kuma ruwaito cewa Imam Ali (AS) ya ɗora wa masu sana'a, irin su marina da maƙeran zinariya, lamunin kayan mutane da suka salwanta a hannunsu, saboda ya ga in ba haka ba al'amarin jama'a ba zai gyaru ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi kuɗin kwangila, to ka ɗauki nauyin abin da injinka ya taka.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne, don amfanin jama'a ake yi. To ko dokar da su da kansu suka rubuta, wato Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, ta yarda cewa in an karɓe fili don aikin jama'a, a biya mai shi diyyar gini da shuke-shuken da ke kai. Idan gwamnatin da ta ba da aikin ba ta da ikon cin bishiyar mutum a banza, yaya ɗan kwangilar da ya ƙetare layin da aka shata masa? Gaskiyar magana ita ce sun san haƙƙin, sun dai auna Baba ne sun ga ba shi da kowa. Da a ƙofar gidan wani kwamishina bishiyar take, wallahi da hannu za a haƙa ramin, ana yi ana ba da haƙuri. Irin wannan cin dukiyar talakawa da ƙarfin iko yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa a Kitabul Farƙi a matsayin alamomin mulkin zalunci, waɗanda jihadin 1804 ya tashi don kawar da su.

To mene ne abin yi? A nan ne aikinmu yake, mu matasa, domin dattijo irin Baba ba zai iya wannan zirga-zirga shi kaɗai ba.

Na farko, a kafa hujja tun ranar da abin ya faru. A Shari'a mai da'awa shi ke kawo shaida. A kira maƙwabta adilai aƙalla biyu su gani da idonsu. A ɗauki hoto da waya: saiwar da aka tsinke, ɓawon da aka saɓule, sawun taya, da allon da ke ɗauke da sunan kamfanin. A rubuta rana da wata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai saboda bishiya ba ta mutuwa nan take. Yawancin saiwoyin da take shan ruwa da su suna kusa da saman ƙasa ne, kuma sukan bazu har su wuce iyakar inuwarta. In an yanke su, ko an danne ƙasar da nauyin tifa, ko an zuba ruwan siminti ko baƙin mai, ko an tula jar ƙasa an binne gindin, sai ta yi ta ciwo a hankali, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu kafin ta bushe. A lokacin ɗan kwangila ya kwashe kayansa, in ka same shi ma zai ce gara ce ta ci ta.

Na biyu, kada a karɓi kuɗin goro, kada kuma a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta ba. Da yawa an sayar da haƙƙinsu ta haka ba su sani ba.

Na uku, a sa masana su kimanta ɓarnar: masu lambu, dillalan kayan marmari da suka saba sayen bishiya da 'ya'yanta a kai, ko ma'aikacin gandun daji. Bishiya mai rai ake kimantawa, tana tsaye tana ba da amfani. Dabarar 'yan kwangila ita ce su yi maka lissafin itacen girki, ko su kawo maka ɗan dashe cikin leda su ce an biya, alhali ɗan dashen zai shekara da shekaru kafin ya fara 'ya'yan kirki. In bishiyar ba ta mutu ba, rauni ta samu, hanyar malaman fiƙihu ita ce a kimanta ta tana lafiya, a sake kimanta ta da aibinta, abin da ke tsakani shi za a biya. A haɗa da kuɗin sare busassun rassa don kada su faɗo wa yara.

Na huɗu, a nemi mai kwangilar da kansa, kada a tsaya cacar baki da direba ko lebura, wanda shi ma yini yake nema. Ko a dokar ƙasa ubangida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. A rubuta masa takarda cikin ladabi, a ajiye kwafi, a kai wani kwafin ofishin da ya ba shi aikin tun ba a gama biyansa ba, domin a lokacin ne kunnensa yake ji. In kuwa mai gida ne da kansa ya ɗauko magini ko mai haƙa rijiya, to a yi maganar kafin a biya cikon kuɗin aiki. Ya fi kyau ma a gindaya sharaɗin kiyaye bishiyoyi gaban shaidu tun kafin a sari ƙasa.

Na biyar, a fara da sulhu gaban mai unguwa da limami da dattawa, a rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu. In ya ƙi, sai a je gaban alƙali da shaidu da hotuna. Kuma a tafi tare. Mutum ɗaya ne ake kora daga ofis, amma layi guda in suka zo da murya ɗaya sai a ba su kujera.

Sai dai akwai gargaɗi. Ranar da abin ya faru wasu samari sun so su farfasa gilashin katafilar. Wannan ba gwagwarmaya ba ce, hauka ne. Hukuncin da ya ɗora wa ɗan kwangila biyan bishiya shi ne zai ɗora maka biyan gilashi, sannan ka ba su dalilin turo 'yan sanda, maganar Baba ta bi ruwa, a koma neman belinka. Mai gaskiya ba ya buƙatar dutse.

Sannan mu waiwayi kanmu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida magina ne, kafintoci ne, masu jan wayar lantarki ne, direbobin tifa ne. Sau nawa ka datse reshen maƙwabci don wayarka ta wuce ba ka nemi izininsa ba? Sau nawa ka juye yashi a kan dashen wani? Mai kiran a tsai da adalci a ƙasa baki ɗaya, in ya kasa biyan reshen zogale, wa zai saurare shi? Haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai an biya ko mai shi ya yafe. In ba a biya a nan da naira ba, za a biya a ranar da babu kuɗi sai ayyukan lada.

Game da Baba kuwa, bayan mun yi ta komawa muna rarrashi, ya yarda. Allah ya taimake mu wani yaro ya ɗauki hotuna tun ranar farko, maƙwabta uku kuma sun ce za su ba da shaida. Masu lambu biyu sun zo sun kimanta. A yanzu da nake wannan rubutu maganar tana gaban mai unguwa, an aika wa ɗan kwangila har sau biyu bai zo ba. Za mu aika na uku, daga nan sai gaban alƙali. Ko an biya ko ba a biya ba, yanzu ya san akwai mutane a layin nan. Yaran makarantar allo kuwa suna nan suna karatu a ƙarƙashin buhunan da muka ɗaura musu.

Ɗan'uwa, in ka koma gida yau bayan Juma'a, ka duba unguwarku. Akwai wani dattijo ko wata gwauruwa da aka yi wa irin wannan suka haɗiye. Ka je ka gaishe su, ka tambaya, ka rubuta musu takarda, ka raka su.

Allah ya ba mu ikon tsayawa tare da raunana, ya kare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.