Motata mara rufi ba ita ke karya ƙafafun yara a Zuru ba

1/ Ranar Asabar da ta wuce, wajen rakiyar amarya, wasu samari suka yi wasan mota da Golf a kan titi nan kusa da mu a Rikoto. Motar ta ƙwace wa direban, ta daki wata yarinya mai tallar gyaɗa. Ƙafarta ta karye wuri biyu. Har yanzu tana asibiti. Allah Ya ba ta lafiya.

2/ Washegari a majalisa wani dattijo da nake ganin girmansa ya dube ni ya ce, "Ai irinku ne ke koya musu, kai da wannan motar taka mara rufi." Na ce, "Baba, a yi haƙuri," na ja bakina, don ba a musu da babba a gaban jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. To ga amsata. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

3/ Motoci biyu gare ni, duka tsofaffi, duka tokumbo. Ɗaya Golf GTI ta 2006. Ɗayar Mazda MX-5 ta 2001, wadda Amurkawa ke kira Miata: kujera biyu, rufin yadi da ake naɗe shi baya da hannu. Shekara huɗu ina tuƙa su a hanyoyin nan, don haka ba labarin YouTube zan ba ku ba.

4/ Abin da zan faɗa ke nan, in ba za ka karanta sauran ba: a cikin biyun, wadda ta fi kusa da kai ni lahira ita ce mai rufin, mai ƙofa huɗu, wadda kowa ke gani ya ce motar mutumin kirki ce.

5/ Ga wanda bai san GTI ba. Golf ce irin wadda ka sani, 'yar uwar waɗanda ke lodi a tasha, sai kamfanin ya sa mata inji mai ƙarfi, ya taurara mata shakazoba, ya ƙara mata birki. A waje kamar motar cefane, a ciki aljani. Volkswagen ta fara fitar da ita a 1976.

6/ Waccan ta farkon ƙarfin dokinta 110 ne, nauyinta kilo 810. Tawa ta 2006 ƙarfin doki 200, da turbo, nauyi ya haura kilo 1,300. Sababbin sun wuce doki 240. Kun ga inda aka nufa? Kowane sabon yayi ana ƙara ƙarfi, ana ƙara ƙiba, ana ƙara toshe wa direba kunne.

7/ Faransa ma ta yi tata, Peugeot 205 GTI, a 1984. Iyayenmu ba ita suka sani ba, su 504 suka sani, wadda PAN ta riƙa haɗawa a Kaduna a da. Wannan labarin wata rana ne.

8/ Ita kuwa MX-5, a 1989 aka fara nuna ta a bajekolin motoci na Chicago. Japanawa suka kalli ƙananan motocin Ingila na da, irin Lotus Elan ta 1962, suka ce bari mu yi irinta amma wadda ba ta ɗigar mai, kuma tana tashi kullum da safe. Ta farkon ba ta kai kilo 1,000 ba, injinta lita 1.6 kacal.

9/ Mazda na da kalmar da suke kiran manufar motar da ita, jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya gane wannan ba sai an yi masa fassara ba. A 2016 suka ƙera ta miliyan ɗaya. Mota mai kujera biyu fa!

10/ Yanzu ga inda nake so ku saurara. A cikin GTI, gilashi a rufe, esi na hura ka, waƙa na tashi, ka ɗan taɓa totur. Motar ba ta girgiza, ba ta kuka. Jikinka na gaya maka kana kan 70. Ka kalli maleji ka ga 130. Motar ce aka gina don ta ɓoye maka gudu, kuma ta iya aikinta sosai.

11/ Ni ya faru da ni. Hanyar Rijau, ina dawowa daga Kontagora, wajen la'asar. Na samu wani yanki mai kyau, na manta kaina. Ina fitowa daga kwana sai ga garken shanu sun cika titi, da yaro ɗan shekara goma yana kora su. Na danne birki har ƙafata ta yi ciwo.

12/ Na tsaya, tsakanina da saniyar farko bai kai tsawon tabarma ba. Yaron bai ma gane abin da ya kusa faruwa ba, ya ɗaga mini sanda yana gaisuwa. Na fi minti goma a gefen titi hannuna na rawa. Maleji kafin birkin ya kusa 140. Wallahi ban san na kai nan ba.

13/ A mara rufin ba za ta yiwu ka manta ba. Kana zaune kusa da ƙasa kamar kan tabarma. A 60 iska na dukan kunnenka. A 80 hularka ta tafi, in ba ka cire ta ba. Kana jin ƙarar taya, kana jin tsakuwa, kana jin ƙamshin gonar da aka yi wa noma da warin gidan mai. Duk daɗin da ɗan GTI ke nema a 140, ni na same shi tun a 70.

14/ Kuma lissafin ba na ra'ayi ba ne, kimiyyar sakandare ce. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Daga 60 zuwa 120, ƙarfin da za ka daki mutum da shi ya ninka huɗu. Ƙara da kilo 300 na ƙibar mota a kai.

15/ Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ga motar gida: 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen titi na gudu. Ku gaya mini, a ƙasar Zuru ina tagwayen titin da za ka sauke doki 200? Ƙasar da aka haifi GTI, Jamus, tana da manyan tituna da wasu sassansu babu iyakar gudu. Mu kuma muna da ramuka, awaki, 'yan kabu-kabu da yara masu talla.

16/ Wani zai ce to ai kai ma ka sayi GTI ɗin. Ƙwarai. Kuma ina son ta. Ba motar nake zagi ba, bautar lamba nake zagi. Ku shiga kowane zauren samari masu son mota, tambayar farko ita ce "doki nawa ce?" ta biyu "nawa take ƙurewa?" Ban taɓa jin wanda ya tambayi kilo nawa ce, ko yaya tayoyinta suke ba.

17/ Gaye zai zuba kuɗi a salansa mai ƙara da fitilu masu launi, amma tayoyinsa huɗu kamfani huɗu, duka sun suɗe kamar kan jariri. Birki na kuka wata uku, ya ce sai an yi albashi. Wannan shi ne mai haɗari, ko da Golf ɗin tasha yake tuƙawa.

18/ To bari in faɗi laifin tawa motar da bakina, kafin ku rigaye ni a ƙasa.

19/ Kujera biyu. Ranar da na kawo ta gida Mama ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Wannan ai motar marowaci ce. In an yi rashin lafiya da dare, a ina za a kwantar da mutum?" Ban da amsa a ranar, yau ma ban da ita. A garinmu mota ba ta mai ita kaɗai ba ce, ta unguwa ce. Mai naƙuda, mai zuwa jana'iza, tsohuwa da buhun dawa ranar kasuwa.

20/ Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya turo mini saƙo yana tambaya: in mota ɗaya za ka iya riƙewa, kar ka sayi irin tawa. Sayi Golf, ko Corolla, ka zauna lafiya da danginka. Mara rufi mota ta biyu ce, kuma ban ji kunyar faɗin haka ba.

21/ Yanayi. Daga Disamba zuwa Janairu ƙurar hunturu za ta mayar da kai kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Maris da Afrilu in ka buɗe rufi da rana, kai ka so. Damina kuma kullum idonka na kan hadari. Gaskiya lokacinta na sosai bai wuce ƙarshen damina zuwa kaka ba, da sassafe ko dab da magariba.

22/ Amma fa wannan lokacin! Oktoba, ƙarfe bakwai na safe, ka bi hanyar Dabai, duwatsu sun yi kore shar, dawa ta fitar da kai, raɓa ba ta bushe ba. Giya ta uku, ba gaggawa. Ban san wani abu da kuɗin fetur ke saya da ya kai wannan ba. Kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, duk mun koyi ƙirga kuɗin fetur.

23/ Ƙasa-ƙasa ce, duk tudun rage gudu sai na bi shi a karkace kamar kaguwa. Salansa ta sha walda sau biyu. Kayan gyaranta babu su a nan, sai an tura Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano, wani lokaci har Ladipo a Legas, ka jira mako biyu.

24/ Sai dai kar ɗan GTI ya yi dariya. Injin Mazda ɗin babu turbo, giyar hannu ce, bakanikena na buɗe ta ya ce, "Oga, wannan ai mota ce mai gaskiya, komai a fili." GTI kuwa ta kunna fitila sai an jona mata kwamfuta. In mai giyar DSG ce, manta na daban ne, aka zuba mata wani kuma ka shiga uku. Ga gurɓataccen fetur da ba ta yafewa.

25/ Gargaɗi ga mai nema: da yawa daga cikin masu araha daga Japan da Ingila suke, sitiyarinsu a dama. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, sitiyarinmu a hagu yake. Kar ka yarda da wadda aka juya wa sitiyari a gareji. Nemi 'yar Amurka ko 'yar Jamus.

26/ Tsaro. Ba sai na yi dogon bayani ga ɗan ƙasar Zuru ba. Akwai hanyoyin da ba na bi da ita, akwai lokacin da ba na fita. Mota ce da ba ta ɓuya. Wannan hujja ce mai ƙarfi kuma na karɓe ta.

27/ Babban laifinta: in ta kife, babu ƙarfe a saman kanka sai sandar gilashin gaba. In tirela ta dake ka, GTI ta fi ta kare mai ita nesa ba kusa ba. Don haka ban ce ta fi tsare NI ba. Cewa na yi ta fi tsare wanda ke tafiya a gefen titi, domin tana sa ni jin tsoro tun kafin gudun ya yi yawa. Wanda ya san fatarsa ce a waje ba ya wasa.

28/ Mu koma kan wasan mota. Golf tayoyin gaba ke jan ta. Ba a yi ta don ta riƙa zamiya da baya ba. Yaran nan abin da suke yi shi ne su taho a guje, su fizgi birkin hannu, su murɗa sitiyari, sauran kuma sai abin da Allah Ya yi. Daga lokacin da bayan motar ya ɓalle, direban fasinja ne kamar kowa.

29/ Abin dariyar, tawa Mazda ɗin tayoyin baya ke tura ta, ita ce ma ta fi dacewa da zamiyar. Sau uku abokan ango na zuwa aronta don rakiya. Sau uku ina hanawa. Ɗaya har ya daina gaishe ni. To Baba, da ni ke koya musu, da makullin na miƙa.

30/ Masu koya musu suna nan cikinmu. Wanda ya ba ƙaninsa makulli alhali ya san ko lasisi ba shi da shi. Angon da ke ganin bikinsa bai cika ba sai taya ta yi hayaƙi. Da mu masu ɗaga waya muna ihu, mu ɗora a TikTok, mu sa masa alamar wuta. Yaro ɗan shekara 19 ya ga mutum dubu sun yaba masa, me kuke so ya yi a biki na gaba?

31/ Bidiyon ranar Asabar ɗin yana yawo a WhatsApp. Na gan shi a zaure uku. An yanke shi daidai kafin motar ta kai ga yarinyar, aka ɗora masa kiɗa. Wanda ya yi yankan ya san abin da ya biyo baya, yana wurin.

32/ Ban ce samari su daina son mota ba, ni ne na ƙarshe da zai faɗi haka. Masu son zamiya su haɗa kai su nemi fili a bayan gari, da izini, da shinge, da hular kwano, 'yan kallo can nesa. Haka ake yi a inda aka ɗauki abin wasanni. In an shirya, ni zan fara kawo tawa, in sayi tayoyin da kuɗina.

33/ Ranar Asabar ɗin dai da Golf ɗina aka kai yarinyar asibiti, a kwance a kujerar baya, kanta a cinyar wata maƙwabciya. Mama ta kalle ni da na dawo, ba ta ce komai ba. Direban da ya buge ta an ce yana hannu, iyayensa na ta zirga-zirgar neman sulhu.

34/ Gobe bayan la'asar zan koma dubiya, mahaifiyarta da ƙannenta biyu za su bi ni. Wanda ke Zuru kuma yake son ya taimaka da kuɗin aikin ƙafar, ya same ni ta saƙo in haɗa shi da iyayen kai tsaye, ba na karɓar kuɗin kowa. Wanda kuma bidiyon ke wayarsa, don Allah ya goge.